Yadda Ake Gano Dangin Ɓeran Tsalle: Jagora Daga Haƙori Zuwa Sunan Kimiyya

A cikin Sahara da bakin iyakarta akwai wani ɗan ɓera da ba ya tafiya da ƙafa huɗu. Ƙafafunsa na baya sun ninka na gaba kusan sau huɗu a tsawo, na gaban kuwa yana naɗe su a ƙirji, sai zai ci abinci ko zai haƙa rami yake miƙo su. Wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, a ƙarshenta da tuntun gashi baƙi da fari. Da rana yana cikin rami ya toshe ƙofa da yashi, da dare ya fito neman ƙwayar ciyawa da saiwa da ganye, kuma ruwan da ke cikin abincin nan ya ishe shi, ba ya neman na sha. Larabawa suna ce masa yarbu'u, littattafan kimiyya suna ce masa jarbowa. Ɗaliban fiƙihu sun san shi ko da ba su taɓa ganin sa ba, domin a Muwaɗɗa an kawo hukuncin Sayyidina Umar cewa mai harami da ya kashe yarbu'u zai yi fansa da 'yar akuya mai wata huɗu.

Abin da ke rikita mai koyo shi ne wannan siffa ba ta jarbowa kaɗai ba ce. A hamadar Amurka ta Arewa akwai ɓera mai dogon sawu da tuntu a wutsiya. A tsakiyar Ostiraliya akwai wani. A kudanci da gabashin Afirka akwai babba mai nauyin kilo uku zuwa huɗu, shi ma a ƙafa biyu yake tsalle. Idan aka jera hotunansu, mutum zai rantse 'yan gida ɗaya ne. Amma kama da wane ba wane ba ne. Kowannensu danginsa daban, wasu ma nesa suke da juna ƙwarai. Fili ne buɗaɗɗe babu maɓoya, ga mujiya a sama ga maciji a ƙasa, shi ya sa dabbobin da ba su haɗa komai ba suka dace da dabara ɗaya ta tsira. Don haka tsalle ba hujjar zumunta ba ne. Hujja tana cikin haƙori, da ƙashin sawu, da ƙoƙon kai, da wurin da aka samu dabbar, daga ƙarshe kuma a cikin ƙwayar halitta. Ga yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, ka riƙe tsanin sunaye

Rabe-raben kimiyya kamar adireshi yake: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, gari, unguwa, layi, gida. Kowane mataki yana rage yawan waɗanda ke ciki. A nan zan kira matakan daula, reshe, aji, rukuni, dangi, jinsi da nau'i. Jarbowar da ake samu a Nijar daularta Animalia ce, wato dabbobi, reshenta Chordata, inda duk masu ƙashin baya suke, ajinta Mammalia, masu shayarwa, rukuninta Rodentia, masu gwaguya, danginta Dipodidae, jinsinta *Jaculus*, nau'inta *Jaculus jaculus*.

Matakai uku na sama ba su da wahala, gashi da nono sun gama maganarsu. Aiki yana farawa daga rukuni. Kuma ƙarshen kalma yana gaya maka matakin da kake: sunan da ya ƙare da -oidea babban dangi ne, -idae dangi ne, -inae ƙaramin dangi ne. Wanda ya haddace waɗannan uku ya rage wa kansa rabin ruɗani, domin Dipodoidea da Dipodidae da Dipodinae abubuwa uku ne, kowanne a cikin wanda aka ambata kafin shi yake.

Mataki na 1: kayan aiki da kare kai

Kana bukatar rula mai milimita, ƙaramin sikeli da ke auna giram, tocila mai ƙarfi, waya mai kyamara da ke nuna wuri, littafin rubutu da fensir, safar hannu ta roba da takunkumin hanci. Gilashin ƙara girma na hannu zai taimaka wajen haƙori.

Maganar safar hannu ba ta wasa ba ce. Ɓeran da ake kira *Mastomys natalensis*, wanda ke yawo tsakanin gida da gona a ƙasashenmu, shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969. Tana bi ta fitsari da kashi da jinin ɓera. Mai koyo ba ya iya bambance wannan ɓera da wani a duhu, saboda haka kowane ɓera, rayayye ko matacce, da safar hannu ake taɓa shi, a wanke hannu da sabulu bayan nan, kada a ci komai a wurin aikin.

Ba sai ka kashe dabba ba. Jarbowa ba ta cika shiga tarkon akwati ba, masu bincike da tocila da koma ta hannu suke kama ta da dare, su auna su sake ta a inda suka same ta. Ƙoƙon kai kuwa akwai hanyar samun sa a sauƙaƙe. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungurungum, daga baya ta amayar da curin gashi da ƙashi. A kangon gini ko ƙarƙashin bishiyar da take kwana za ka tarar da waɗannan curi a zube. Ka jiƙa ɗaya a ruwa, ka warware shi da tsinke, sau da yawa ƙoƙon kai da muƙamuƙi da ƙashin ƙafa za su fito lafiya lau.

Mataki na 2: buɗe baki, ka tabbatar mai gwaguya ne

Mai gwaguya yana da haƙoran gaba biyu a sama, biyu a ƙasa, ba ƙari. Ba sa daina tsiro har ya mutu. Rufin nan mai tauri a fuskar gaba kawai yake, bayan haƙorin ya fi taushi, shi ya sa gwaguya take cin bayan ta bar bakin da kaifi kullum. Ba shi da fiƙa ko ɗaya. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai giɓi mai faɗi. Idan ka ga waɗannan, kana cikin Rodentia, rukunin da ya fi kowanne yawa a masu shayarwa: nau'i fiye da 2,000, kusan kashi 40 cikin ɗari na ajin gaba ɗaya. Wanda ya raɗa sunan a 1821 shi ne Thomas Edward Bowdich, Baturen Ingila da ya je Kumasi wajen Sarkin Asante a 1817.

Wannan dubawa ɗaya tana fitar da masu shiga rigar ɓera. Zomo yana tsalle, yana gwaguya, amma ka duba bayan manyan haƙoransa na sama za ka ga wasu ƙanana biyu a ɓoye. Wannan ya kai shi rukunin Lagomorpha. Jaɓa bakinta cike yake da ƙananan haƙora masu tsini, babu giɓi, ita da bushiya rukuninsu ɗaya ne, daban da na ɓera. A gabashi da kudancin Afirka da kuma arewa maso yammacinta akwai wata 'yar dabba mai dogon hanci da dogayen ƙafafu da ake kira sengi, rukuninta Macroscelidea. Binciken ƙwayar halitta ya nuna ta fi kusa da giwa a kan ɓera. A Ostiraliya ma akwai wata mai kama da jarbowa, *Antechinomys*, wadda a jaka take rainon 'ya'yanta.

Mataki na 3: a ina aka same shi?

Wannan tambaya tana da arha amma tana yanke hanya mai nisa. Jarbowa ta gaskiya a arewacin Afirka da Asiya take, daga Muritaniya zuwa ƙasar Larabawa, zuwa Asiya ta Tsakiya har Mongoliya da arewacin Sin, da ɗan yanki na gabashin Turai. Ɓeran kangaru, jinsin *Dipodomys*, a Amurka ta Arewa kawai yake. *Notomys* a Ostiraliya kawai. *Pedetes* a kudanci da gabashin Afirka. Babban ɓeran tsalle *Hypogeomys antimena* a wani ɗan daji na yammacin Madagaska kawai. Idan a Azbin ko Damargu ko bakin Tafkin Chadi ka tsinci dabbar, duk waɗannan huɗun sun fita. Zaɓi biyu suka rage maka: ko jarbowa ce, ko ɗaya daga cikin ɓerayen yashi na ƙaramin dangin Gerbillinae. A wannan mararraba ce yawancin masu koyo a ƙasarmu suke ɓata, kuma matakai biyu masu zuwa su ne maganinta.

Mataki na 4: awo biyar

Ka kwantar da dabbar a bayanta a kan rula ka auna daga ƙarshen hanci zuwa gindin wutsiya. Sai wutsiya daga gindi zuwa ƙarshen ƙashi, ban da gashin tuntu. Sai sawun baya daga dunduniya zuwa ƙarshen yatsa mafi tsawo, ka rubuta ko da farce ka auna ko babu. Sai kunne daga lungun ƙasa zuwa tsini. Sai nauyi. Duk a milimita da giram.

Yanzu raba tsawon sawu da tsawon jiki. *Jaculus jaculus* jikinta santimita 10 zuwa 12 ne, nauyinta tsakanin giram 45 da 75, sawunta kuwa wajen santimita 6, wato rabin jiki ko fiye. *Gerbillus nigeriae*, ɗan ɓeran yashin da ke tone irin gero a gonakin Nijar da arewacin Najeriya, sawunsa bai kai santimita 3 ba, kusan rubu'in jikinsa ke nan. Yana iya zabura idan an kore shi, amma gudunsa na ƙafa huɗu ne. A kan yashi da safe ma ana ganin bambancin: sawun jarbowa na ƙafafun baya ne kawai, da tazara mai faɗi tsakani, na ɓeran yashi kuwa huɗu ne a tare kusa da kusa.

Mataki na 5: sawun baya

A nan zan daɗe, domin a ganina babu wata gaɓa da ta kai sawu ba da labari a wannan dangi.

Ka juya sawun ka ƙirga yatsu. Ɓeran gida da ɓeran yashi da *Notomys* duk biyar gare su. *Pedetes* huɗu, da farata masu faɗi. *Dipodomys* huɗu ko biyar, ya danganta da nau'i. *Jaculus* uku ne cif, kuma a ƙarƙashinsu akwai geza ta gashi mai kauri wadda ke hana ƙafa nutsewa a yashi. Idan ka riƙe sawun a tafin hannu, abin da za ka fara lura da shi ke nan: dogon siririn sanda, sai yatsu uku a can ƙarshe a lulluɓe da gashi, na tsakiya ya ɗan fi sauran.

Sandan nan shi ne babbar shaida. A tafin ƙafar mutum akwai dogayen ƙasusuwa biyar, kowanne yana kaiwa ga yatsa ɗaya, haka ma a ɓera. A *Jaculus* na gefe biyu sun ɓace tare da yatsunsu, na tsakiya uku kuma sun haɗe sun zama ƙashi ɗaya mai ƙarfi, wanda sai a can ƙasa ya rabu kai uku don yatsun su zauna. Ana haihuwar ɗan jarbowa da ƙasusuwan uku a rabe, yana girma suna haɗewa. Ƙashi ɗaya mai kauri ya fi uku sirara jure dirar tsalle. Idan ka ga irin wannan ƙashi mai kai uku a cikin curin mujiya, babbar alamar jarbowa ce, amma ka haɗa da ƙoƙon kai domin ƙafar tsuntsu ma tana da ƙashi mai kama da shi. *Dipodomys* da *Notomys*, duk da dogon sawunsu, ƙasusuwansu a rabe suke.

Sai dai kada ka ɗauka duk jarbowa yatsa uku gare ta. Jinsin *Allactaga* da 'yan uwansa na Asiya suna da biyar: uku na tsakiya da haɗaɗɗen ƙashi su ke taka ƙasa, biyu ƙanana suna rataye a gefe can sama. A gaɓar tekun Masar da Libiya akwai mai yatsa huɗu, *Scarturus tetradactylus*, wadda tsofaffin littattafai suke rubutawa *Allactaga tetradactyla*. Ƙananan jarbowa na jinsin *Salpingotus* yatsa uku gare su kamar *Jaculus*, amma ƙasusuwansu ba su haɗe ba, kuma ɗan uwansu na kusa, *Cardiocranius*, biyar gare shi. Ma'anar wannan ita ce ko a cikin dangin jarbowa kansa raguwar yatsu ta faru fiye da sau ɗaya, a rassa daban-daban. Wanda ya tara masu yatsa uku wuri ɗaya ya ce jinsi ɗaya ne, ya sake faɗawa ramin da ya tsallake a farko. Yawan yatsu da haɗuwar ƙashi tare ake duba su.

Mataki na 6: kumatu, turame da ƙoƙon kai

Ka duba gefen baki daga waje. *Dipodomys* yana da aljihu biyu a kumatu, bakinsu a waje yake, cikinsu da gashi, a ciki yake tara ƙwaya. Wannan alamar dangin Heteromyidae ce, kuma jarbowa ba ta da ita. Kada a haɗa da kumatun gafiya, nata aljihun a cikin baki yake buɗewa.

Sai ƙirgen haƙori. *Jaculus* 16 gare ta: huɗu na gaba, da turame uku a kowane gefe sama da ƙasa. *Allactaga* tana da ƙarin ɗan ƙaramin haƙori a gaban turamen sama, jimla 18. *Dipodomys* da *Pedetes* 20. Ɓeran yashi irin *Gerbillus* shi ma 16 ne, don haka ƙirge kaɗai ba zai raba shi da *Jaculus* ba, sai an koma ga sawu da ƙoƙon kai.

A ƙoƙon kai wuri biyu za ka duba. Na farko, kumburin ƙashin kunne a baya. A *Jaculus* manya ne ƙwarai, har sun sa kan ya yi faɗi ta baya, kuma suna taimaka mata jin ƙaramin motsi a fili. Amma ɓerayen yashi da *Dipodomys* su ma suna da wannan kumburi, rayuwar hamada ce ta kawo shi, saboda haka kada ka dogara da shi. Na biyu, ramin da ke gaban gurbin ido, inda wani sashe na tsokar tauna yake ratsawa. A ɓeran gida da ɓeran yashi ramin yana da ɗan faɗi a sama, ya tsuke ya zama tsaga a ƙasa. A jarbowa babba ne wangame, ana hango shi daga gaba ba tare da gilashi ba.

Wannan rami yana da tarihi. A 1855 masanin dabbobi Johann Friedrich von Brandt ya raba masu gwaguya bisa yadda tsokar tauna ta zauna, aka daɗe ana bin tsarinsa. Matsalar ita ce babban ramin jarbowa irin na beguwa ne, haka ma na *Pedetes*, alhali babu ɗayansu da yake kusa da beguwa. Tsarin da aka fi amfani da shi tun 2005 ya raba Rodentia ƙananan rukunai biyar. Sciuromorpha, inda kurege yake. Hystricomorpha, inda beguwa da gyazbi suke. Castorimorpha, inda *Dipodomys* yake tare da dabbar nan ta Turai da Amurka mai datse rafi da itace. Anomaluromorpha, inda *Pedetes* yake tare da wasu dabbobin kurmi masu fata tsakanin ƙafafu da suke shawagi daga bishiya zuwa bishiya, ana samun su a dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gana. Sai Myomorpha, wanda ya rabu biyu: Muroidea, inda ɓeran gida da gafiya da ɓeran yashi da *Notomys* da *Hypogeomys* suke, da Dipodoidea, gidan jarbowa. Ka lura da abin da wannan ya nuna. *Notomys* mai tsallen Ostiraliya dangi ɗaya yake da ɓeran da ke cikin rumbunka, wato Muridae. Jarbowa kuma ta fi kusa da gafiya a kan yadda take kusa da *Dipodomys* da suke kamar an tsaga kara.

Mataki na 7: cikin gidan Dipodoidea

A nan littattafai suke saɓawa juna, kuma ya kamata ka san dalili don kada ka zaci wani ya yi kuskure. Babban kundin masu shayarwa na 2005 ya zuba kowa a dangi ɗaya, Dipodidae, nau'i 51 a jinsi 16. Bayan binciken ƙwayar halitta da aka buga a 2013, masana da yawa suka koma raba su dangi uku, kuma wannan ne tsarin da manyan rumbunan bayanai suke bi yanzu.

Sminthidae su ne jinsin *Sicista* na dazuzzuka da filayen ciyawa na Turai da Asiya. Ƙafa huɗu suke tafiya, suna hawa ciyawa da reshe, da ka gan su sai ka ce ɓeran gida ne mai doguwar wutsiya. Zapodidae su ne *Zapus* da *Napaeozapus* na Amurka ta Arewa da *Eozapus* na Sin. Sawunsu dogo ne, suna dogon tsalle idan sun firgita, amma yatsu biyar ne, ƙasusuwa a rabe, kuma a wurare masu damshi suke zama, su yi barcin hunturu na watanni. Dipodidae a sabuwar ma'ana jarbowa ce zalla, masu tafiya a ƙafa biyu, nau'i talatin da 'yan kai. Saboda haka idan ka ga 51 a wani wuri, 33 a wani, ka duba shekarar littafin kafin ka yi gardama.

Dipodidae kuma ƙananan dangi huɗu ne. Cardiocraniinae su ne ƙananan nan. A cikinsu akwai *Salpingotulus michaelis* ta Balucistan, jikinta bai kai santimita 5 ba, tana cikin mafi ƙanƙantar masu gwaguya a duniya. Euchoreutinae nau'i ɗaya ne tak, *Euchoreutes naso* ta hamadar Gobi da yammacin Sin, mai kunnuwan da suka fi kanta tsawo, kuma ƙwari ne yawancin abincinta. Allactaginae su ne masu yatsa biyar ko huɗu da dogayen kunnuwa. Dipodinae su ne masu yatsa uku da haɗaɗɗen ƙashi, yawancinsu ƙasusuwan wuyansu ma a haɗe suke, abin da ke hana kai rawa a lokacin tsalle. A nan *Dipus* da *Stylodipus* da *Eremodipus* da *Paradipus* da *Jaculus* suke. A kudu da Sahara *Jaculus* kaɗai za ka tarar.

Mataki na 8: daga jinsi zuwa nau'i

Ido yana kai ka har jinsi. Daga nan zuwa nau'i wani lokaci ba ya iyawa.

*Jaculus orientalis* mai sauƙi ce: ta ninka ƙaramar, wato *Jaculus jaculus*, nauyi kusan sau biyu, kuma a arewa take, daga Maroko zuwa Masar. Ƙaramar ce mai wuya. Shekara da shekaru ana ɗaukar duk ƙananan jarbowar Sahara nau'i ɗaya ne. Wajen 2010 aka gwada wani yanki na ƙwayar halitta da ake kira saitokurom b a jarbowar Tunisiya, sai aka ga layi biyu ne mabambanta suna zaune a ƙasa ɗaya. Bincike a Muritaniya da Maroko ya tabbatar da haka. Aka fara kiran ta biyun *Jaculus deserti*, daga baya aka ga akwai tsohon suna da ya riga shi, kuma a doka tsohon suna ne yake cin gado, sai ta zama *Jaculus hirtipes*. A dunƙule *jaculus* ta fi haske kuma ta fi son yashi, *hirtipes* ta fi duhu kuma ta fi son ƙasa mai tsakuwa, amma launi yana yaudara, ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai.

Ɓerayen yashinmu sun fi haka wuya. Nau'o'in *Taterillus* na Afirka ta Yamma a ido ɗaya suke, sai an ƙirga kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta, a ɗakin gwaji ake raba su. Wannan ba ilimin ado ba ne. Manomin da ɓera ya tone masa shuka yana bukatar a san wane ne ya yi ɓarnar, domin kowane nau'i da lokacin haihuwarsa da irin ƙasar da yake so, kuma guba da aka watsa a makance tana kashe wanda bai ci ba bai sha ba, har da mujiyar da ke rage ɓerayen.

Idan ba ka da hanyar gwaji, ka tsaya inda shaidarka ta tsaya. Ka rubuta *Jaculus* sp., ma'ana an san jinsi ba a tantance nau'i ba. Masana suna girmama wannan fiye da suna cikakke da aka yi cinta. Idan matacciyar dabba ce, yanki ɗan guntun kunne ka sa a ƙaramar kwalba mai sinadarin itanol mai ƙarfi, ka rubuta lamba da fensir a takarda ka jefa ciki, domin tawadar biro tana narkewa. Sashen nazarin dabbobi na jami'a zai iya aiki da shi ko bayan shekaru.

Mataki na 9: rubuta suna da adana bayani

Sunan nau'i kalma biyu ne, jinsi da babban baƙi, na biyu da ƙarami, duka a karkace, ko a ja musu layi idan da hannu ake rubutu. Sunan dangi da na rukuni ba a karkata su. Cikakken sunan shi ne *Jaculus jaculus* (Linnaeus, 1758). Shekarar 1758 ita ce ta bugu na goma na littafin Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin, inda dokar sunayen dabbobi ta ɗauka a matsayin mafari. Bakan da aka kewaye sunansa da ita tana da ma'ana: Linnaeus *Mus jaculus* ya kira ta, ya sa ta jinsi ɗaya da ɓeran gida, daga baya aka ɗauke ta zuwa *Jaculus*, jinsin da wani masani mai suna Erxleben ya kafa a 1777. *Jaculus orientalis* Erxleben, 1777 kuwa babu baka, domin tana nan a jinsin da aka fara sa ta. Maimaita kalma ɗaya sau biyu halal ne a sunan dabba, a sunan tsiro ne aka hana.

Kafin ka saka suna a rahoto ko kundin digiri, ka duba shi a Mammal Diversity Database, rumbun da ƙungiyar masana masu shayarwa ta Amurka take sabuntawa, don ka ga ko an canza shi. Taswirar yaɗuwa kuma tana shafin IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu. Ka faɗi tsarin da ka bi, na dangi ɗaya ko na dangi uku.

A littafinka kowace dabba da lambarta, sai kwanan wata da sa'a, sunan gari mafi kusa da lambobin wuri daga waya, irin ƙasa, yashi ce ko tsakuwa ko laka, tsiron da ke wurin, awo biyar ɗin nan, namiji ko mace, da sunan da mutanen wurin suke kiran ta, ko Hausa ko Tamashek ko Kanuri ko Fulatanci, tare da abin da makiyaya suka gaya maka game da raminta da lokacin da take yawa. Hoto huɗu ake so: dukan jiki daga gefe da rula a kusa, ƙarƙashin sawun baya yadda yatsu za su ƙirgu, ƙarshen wutsiya, da haƙoran gaba. Ka ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hotunan halittu don a tantance su, da wurin daidai. Idan masu tantancewa suka amince da sunan, bayanin yana wucewa zuwa GBIF, inda masu zana taswirar yaɗuwar dabbobi suke ɗiba. Idan rayayya ce, ka gama awo da hoto cikin 'yan mintoci, ka riƙe ta a fatar wuya, kada ka ɗaga ta da wutsiya domin fatar tana iya saluɓewa, sannan ka sake ta a bakin ramin da ka same ta tun gari bai waye ba.